Ruwan da Ya Zo Ba Hadari

Shekaranjiya jikana ya goya ni a babur zuwa bakin kogi, wai in nuna masa tsibirin yashin da nake cika musu kunne da labarinsa. Muka tsaya a gaɓa, na ɗora hannu a goshi na duba gabas na duba yamma, babu tsibiri babu dalilinsa. Sai tifofi a jere, matasa ba riga suna ta watsa yashi da shebur. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ina tsibirin da yake nan tsakiya, ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar Makka a ƙafa, ya ce shi tun da ya taso haka ya ga wurin. Wani dattijo mai sayar da rake ne ya ce min ai tsibirin yana Kano, an kwashe shi tifa-tifa an yi benaye da shi. Jikan nawa ya ɗauki hoton ruwan da wayarsa, ya ce, "Kaka, wannan ne kogin da ka ce ya kusa cinye ka? Ai ko akuya ta tsallake shi." Da muka dawo gida na sa aka nemo min biro da ragowar littafin ƙanwarsa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban ƙarasa yaƙin ba, rubutuna kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma dai zan faɗi yadda aka yi.

Ni ba ɗan ruwa ba ne, a fara sanin wannan. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye a wajen Utai. Ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan gari, wanda ko a tsakiyarsa sai ka durƙusa kafin ya taɓa maka cibiya. Abin da ya kai ni bakin kogi wata yarinya ce mai kawo soyayyen kifi kasuwar Wudil ranar Juma'a, wadda a yanzu haka take zaune a tsakar gida tana cewa in rubuta gaskiya ko ta tona ni. Ubanta mai kwalekwale ne, kamun kifi da fito gadon gidansu ne. Ranar da kawuna ya kai ni gaisuwa, tsohon yana zaure yana gyaran koma. Bai ɗago kai ba ya tambaya ko yaron ya san ruwa. Kawuna ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ni kuwa da rashin kunya na riga shi, na ce ai ni a ruwa aka yanke min cibiya. Kawuna ya mintsine ni a cinya har sai da idona ya kawo ruwa, to wannan shi ne ruwan da na sani. Tsohon ya ce madalla, ya ci gaba da aikinsa. Daga ranar ƙarya ta zame min rigar da ba ta tuɓuwa, domin suruki ba abokin wasa ba ne da za ka koma ka ce masa jiya fa tsokana nake.

Lokacin ne kuɗin man fetur ya fara malala a ƙasar nan. Ku da ba ku gani ba ba za ku gane ba. Mutumin da jiya yake kan jaki, yau sai ka gan shi kan babur yana neman inda birki yake. 'Ya'yan surukina, wanda muke kira Baba, maza uku duk suka watse, ɗaya yaron mota, ɗaya leburan gini a Kano, ɗaya har Ikko. Ba mai son warin kifi a jikinsa. Sauran masu jirage ma haka, sai ka ga kwalekwale a kife a gaɓa kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Da haka jirgin Baba ya faɗo hannuna. Kullum bayan sallar asuba ni ne kwashe ruwan da ya kwana a ciki da ƙoƙo, ni ne cusa tsumma a tsaga ina shafe ta da kwalta, ni ne shanya koma. Har yau in na rufe ido ina jin bakin kogin nan da hantsi: bugun wankin mata a kan dutse, wata tana amsa wa wata kamar masu daka, kukan shanun Fulani da suka gangaro mashaya, da fito irin na tsuntsayen kirinjijiya in garkensu ya tashi. Yanzu ba abin da kake ji sai injin ban ruwa da hon ɗin tifa. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma in ya saki ɗaya sai ta kwana tana yi maka yawo a ka. Yakan ce kada ka yi wa kogi alkawari, ba shi da kunne. Yakan kuma ce, in jirgi ya yi nauyi, mai jirgi ne kaya, shi ake fara saukewa. Sai in ce haka ne, Baba, a zuciyata ina roƙon Allah kada Ya taɓa sa shi ya yi nauyi.

Kuna iya tambaya yaya na yi shekara biyu ba a kama ni ba. Sauƙi ne. Da rani kogin ba shi da zurfi, yawancinsa iya ƙugu ne, sai wata 'yar hanya a tsakiya da ta fi tsayin mutum. Da gwangwala nake tuƙi, wato doguwar sandar da ake dogara ta a ƙasa ana tura jirgi, kuma na iya ta, wannan ba yabon kai ba ne. In na zo wurin zurfin sai in yi tunkuɗa ɗaya mai ƙarfi, in rufe ido, jirgi ya wuce da kansa. Filafili kuwa, na tuƙi a ruwa mai zurfi, yana nan kwance a cikin jirgi ban taɓa kula shi ba sai in zan kashe kunama. Da zarar damina ta faɗi kogi ya fara cika, sai in tuna ni manomi ne, uwata tana jirana da fartanya.

Gada ta riga ta rage wa fito kasuwa, amma sai Allah Ya kawo wani sabon abu. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar Kano da suka sayi motoci, suka rasa inda za su je da su, sai suka gano akwai kogi a Wudil. Ranar Lahadi sai ka ga Fijo da ƙananan motocin nan masu kama da kunkuru sun gangaro, a buɗe ƙofa yara su yi ta zubowa kamar an fasa buhun gyaɗa. Da farko mun zaci haye za su yi. Sai suka ce a'a, shan iska suka zo. Baba ya daɗe yana juya maganar nan, ya ce ashe iskar Kano ta ƙare. Shi ne ya ce a riƙa kai su tsibiri. Yashi ne fari tas, mai laushi kamar gari, ba ƙaya ba kwalba, girmansa ya kai filin idi. In na sauke iyali sai su shimfiɗa tabarmi, a buɗe kuloli, ƙamshin shinkafa da miyar kaji ya bi ruwa. Yara su yi ta gudu, su haƙa rijiya da hannu su yi ta mamakin ruwa ya tsattsafo, su tsinci bawon kumba su cika aljihu, su gina gari da ganuwa su naɗa sarki su tuɓe shi. Wasu in ɗaura musu ƙugiya a kara su kama ɗan karfasa kamar yatsa, a yi ta murna sai ka ce giwan ruwa. Matan da a birni ba ka ganin ko idon sawunsu sai su tsoma ƙafa a ruwa suna dariya cikin mayafi. Na ga babban mutum da tumbi ya naɗe wando yana bin ƙwaɗo don ɗansa. Yanzu in an kawo yara bakin ruwa, kowa yana kallon tafin hannunsa, ruwan ma a cikin waya suke ganinsa. Al'adarmu ita ce in sauke su da hantsi, in koma gaɓa, in dawo kwasarsu bayan la'asar.

Mu a wancan zamani, daga sama muke karanta kogi. In hadari ya haɗu ta kudu ko ta yamma, ko da ɗigo bai sauka a kanmu ba, an san gobe ko jibi sabon ruwa zai iso, ja wur, da kumfa da karare. Da damina Baba yakan kafa kara a bakin ruwa ya riƙa leƙa shi, in ruwa ya haura gaɓar kara ɗaya sai a ja jirage sama. Amma da rani ko shi ba ya kafawa. Me za ka duba? Tun kakannin kakanni, kogi da rani raguwa yake yi. An dai yi ta jin labari cewa can sama gwamnati ta tare kogin da wani irin bango, ta tara ruwa kamar teku, wai tana da ƙofa tana buɗewa in ta ga dama. A majalisar bakin kogi dariya aka yi. Wani ya ce in haka ne a ce su turo mana da rani mu gani. Ni na fi kowa dariya.

Lahadin da nake son ba ku labari, tsakiyar bazara ce, sama wankakkiya kamar sabon faranti. Baba ya hau kekensa ya tafi ta'aziyya Achika, jirgina kaɗai ne a ruwa. Wani akawu ya zo da iyalinsa, mutum mai jiki, da tabarau da takalmi sau-ciki yana ƙyalli. Da matarsa da goyo, da yara huɗu, babbansu bai wuce shekara goma ba, sai mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa kamar a hure ta ta faɗi. Sahu biyu na yi kafin na gama haye da su da kayansu. Na lura tsohuwar ba ta shiga jirgi irin na 'yan birni ba, masu dafe baki suna salati. Tsakiya ta taka, ta zauna, jirgi bai ko motsa ba. Da muka sauka ta tsinci wani kara ta je ta kafa a bakin ruwa. Na ce, "Iya, ai yanzu rani ne." Ta ce ta sani, hannunta ne ya saba. Na yi dariya a cikina, na ce tsufa.

Da na koma gaɓa, maimakon in zauna a gindin giginya in sa ido kamar yadda Baba ya ce, sai ƙafa ta ja ni tasha. An ce wani direba ya zo da rakoda, akwatin da za ka yi magana a ciki ya maimaita maka da muryarka. Na tarar an yi masa zobe. Kowa yana tsoro, ni na kutsa na ce a ba ni. Aka danna, na gyara murya na shiga yi wa kaina kirari, ni ne kada, ni ne dorina, ni ne wanda in ya yi nutso a Wudil sai a tare shi a Haɗeja. Aka juya aka saka, sai ga wata murya siririya kamar ta ɗan akuya tana faɗin duk abin da na faɗa. Tasha ta kwashe da dariya, na ce a sake, injin ne bai ɗauka daidai ba. Aka yi sallar azahar, muka dawo muka ci gaba. Ina cikin kirari na huɗu wata mai wanki ta shigo da gudu, zaninta sharkaf, tana tambaya ina mai jirgi, kogi ya taso. Mutane suka ɗaga kai suka dubi sama, duk tashar, kamar an ba da umarni. Ba ko gajimare ɗaya. Wani ya ce matar nan rana ce ta buge ta.

Abin da na gani da na iso gaɓa, har in koma ga Allah ba zan manta ba. Ba ƙara, ba iska, ba igiya mai tashi. Kogin ne kawai ya kumbura a hankali kamar ƙullin da aka sa wa yis, ya shanye dutsen wanki, ya kai gindin giginya. Kuma ba jan ruwan damina ba ne. Wani irin ruwa ne mai duhu-duhu, garai, ba kumfa, yana tafiya shiru kamar baƙon da ya san hanya. Na tsoma ƙafa na ji sanyi irin na ƙasan randa, a tsakiyar bazara. Matan wanki sun yi cirko-cirko, wata tana ta maimaita ikon Allah a hankali. Jirgina yana can yana fizgar igiyarsa. Na hango tsibirin da ya kai filin idi ya koma kamar tsakar gida, mutane a cure a kan ɗan tudunsa, akawu yana kaɗa farar hularsa.

Na so ƙwarai in ce ban san yadda aka yi na shiga jirgi ba, don ku ce jarumta ce. Na sani sarai. Matan ne suka zuba min ido, kunya ta tura ni. Na ja jirgin sama ta gefen gaɓa, na sake shi. Da na zo tsakiya na dogara gwangwala, ta tafi duka har hannuna ba ta taɓa ƙasa ba, saura kaɗan in bi ta. Na zauna daɓas na rarumi filafili ina dukan ruwa hagu da dama kamar mai kashe gobara. Jirgi ya yi juyi biyu da ni. Ruwan ne da kansa ya kai ni ya jingina da wutsiyar tsibirin, akawu ya shigo har gwiwa da takalminsa ya kamo igiya.

Tsohuwar ta riga ta tattara kowa a tudu tun da ta ga karanta ya nutse. Yaran ba sa kuka, ruwa yana lasar ƙafafunsu. Na duba na san ba sahu biyu. Kafin in kai gaɓa, in ja jirgi sama, in dawo, wanda aka bari ruwa ya kai masa wuya. Aka bar tabarmi da kuloli da akwatin lemo, aka shiga. Yara a tsakiya, matar da goyonta, tsohuwa, akawu. Da na ɗora ƙafata na hau, bakin jirgi ya sauka har saura yatsa biyu ruwa ya shigo. Ƙaramin yaron ya motsa, sai ga ruwa ya kwararo ta gefe. Akawu ya cire tabarau, ya ce shi zai tsaya, a tafi da yaran, in Allah Ya yi a dawo. Mahaifiyarsa ta tambaye shi ko ya iya ruwa. Ya ce ta fi kowa sanin bai iya ba. Sai duk suka juyo suka dube ni, ni da aka ce musu surukin mai jirgi ne, gwanin kogi.

Maganar Baba ta faɗo min a rai. Mai jirgi ne kaya. Na dubi ruwan nan mai duhu, na dubi yarinyar da ke kusa da ni, 'yar shekara shida da kitso biyu, aljihunta cike da bawon kumba. Bakina ya bushe ƙaf a tsakiyar kogi. Tsohuwar ta matso baya, ta karɓi filafili daga hannuna kamar ta karɓi muciyarta, ta sunkuyo yadda ba wanda zai ji.

"Ɗana, kai ma ba ka iya ba ko?"

Na ce, "Ban iya ba, Iya."

"To. Ka kama gindin jirgi da hannu biyu. Kada ka ɗaura igiya a hannunka, kada ka yi ƙoƙarin hawa, za ka kifar da mu. Kuma kada ka nemi ƙasa da ƙafa, babu ita. Ka kwanta kawai."

Akwai ƙaton goran kamun kifi da Baba yake ajiyewa a jirgi, irin wanda masunta suke kifa ciki a kai. Na rungume shi a ƙirji, na yi bismilla, na zame. Jirgi ya ɗago da faɗin tafin hannu. Ta ce wa surukarta ta ɗauki ƙoƙo ta riƙa kwasa, ta ce wa ɗanta ya zauna kamar an dasa shi, ta nitsa filafili.

Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Ba ta nufi gaɓa ba. Ta karkata hancin jirgi sama kamar mai niyyar komawa inda ruwan ya fito, ta bar kogin yana tura mu a kaikaice. Filafilin yana shiga ba fantsama, yana fita ba ƙara, ta ɗan murɗa shi a ƙarshe, jirgi ya miƙe. 'Yar tsohuwar da na ce iska za ta kayar, bayanta ya miƙe, mayafi ya zame mata ba ta kula ba. Muna shiga tsakiya ruwa ya fizge goran daga ƙirjina, na ga ya yi gaba yana rawa. Ƙafafuna suka shiga neman ƙasa da kansu, na nutse, na sha, na taso ina tari, na fara jan jirgi ƙasa. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Na ce ka kwanta." Sai na ji wani ɗan hannu a kan yatsuna. Yarinyar nan ce ta danne su da tafinta, tana karanta Fatiha da tsamin bakinta, in ta kai ƙarshe ta sake daga farko.

Na saki jiki don ba ni da sauran dabara. Abin mamaki, sai ƙafafuna suka taso da kansu, ruwan ya tallafe ni ta ciki kamar yadda ake tallafar jariri a wanka. Abin da na yi shekara biyu ina gudu ashe ɗaukar mutum yake yi. Daga inda idona yake, dab da fuskar ruwa, kogin ba shi da gaɓa, ya haɗe da sama, shirwa biyu suna shawagi a can ƙoli ba abin da ya dame su. In kunnena ya nutse sai in ji wani gunji can ƙasa kamar ana niƙa a gari mai nisa, yashi ne yake tafiya. Na waiga sau ɗaya. Inda tsibiri yake babu komai sai tabarma ɗaya tana juyi, da garin da yaran suka gina da ganuwarsa duk an shafe. Tsoro yana nan, ba zan yi muku ƙarya ta biyu ba, amma wani abu ya danne shi. Na ji ƙanƙantata. Na ce ashe Wanda Ya ba ɗan Adam dabarar kulle wannan abu da ƙofa, Shi ne abin tsoro.

Can ƙasa sosai muka fita, a gefen wani lambun albasa. Gwiwata ce ta fara gaya min, ta daki laka. Mutanen tasha da matan wanki sun biyo mu ta gaɓa da gudu, aka shiga aka cicciɓo yara. Ni sai da aka ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya daga jikin jirgi. Na rarrafa na kwanta a kunyar albasa ina mayar da kogin da na ara.

Ina nan kwance na ga tayar keken Baba. A kan hanyarsa ta dawowa ya ji labari, ya tsaya a kan tudu ya ga rabin hayin da idonsa. Bai dube ni ba. Ya jingine keke, ya je gaban tsohuwar ya durƙusa, mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba, ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo. Ya ce tun daga nesa ya san wannan murɗa filafili ba ta nan ba ce, 'yar wane gida ce? Ta ce ita 'yar masunta ce daga ƙasar fadama can gabas, a jirgi ta yi wayo, aka kai ta birni aure tana yarinya, tun daga ranar ba ta sake taɓa filafili ba. Akawu yana tsaye ba takalmi ɗaya, baki buɗe. Ya ce, "Inna, ba ki taɓa gaya mana ba." Ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta buɗe tafin hannunta, duk ya saɓule, ta dube shi tana wata 'yar dariya kamar yarinyar da aka yi wa sabon lalle.

Sai da motarsu ta tashi mutane suka watse sannan Baba ya zo ya tsaya a kaina. Na tashi na tsuguna, kaina a ƙasa, ina jiran ya ce in tattara in koma Utai. Ya daɗe yana kallon kogin, shi ma yau ya ga abin da ubansa bai gani ba. Sannan ya tambaye ni ko na sha da yawa. Na ce na sha, Baba. Ya ce, "Gobe da hantsi ka same ni a mashayar yara. Ka zo da gajeren wando." Ko ya san ban iya ba tun farko, ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Ya ja jirgin ya ɗaure a gindin giginya da wani ƙulli da shi kaɗai ya san kwance shi. Lahadi uku motoci suna zuwa yana mayar da su, ya ce mai jirgi yana makaranta. Makarantar kuwa a gaban kowa take. Ni da gemuna, magidanci, a cikin 'yan shekara biyar masu tumbi, Baba ya tallafe min ciki da tafin hannu yana cewa in buga ƙafa, yaran suna nuna min yadda ake yi, ɗaya har yana cewa kada in ji tsoro yana kusa. Matan wanki suka dawo da wankinsu kusa don kada komai ya wuce su, matata tana cikinsu, ita ce mai fara guɗa in na nutse.

Ranar Lahadi ta huɗu ya nuna min wancan hayin da haɓa. Na shiga ruwa da iyo. Na bi yadda tsohuwar ta yi, na karkata sama na bar ruwa yana tura ni. Na isa, na huta, na juyo. Ruwa ya kai ni har lambun albasar nan, na tako a ƙafa ina ɗiga, ƙaya tana sukata. Na tarar ya kwance jirgin, ya kafa sabon kara a bakin ruwa da rani tsaka, yana tsaye da filafili a hannu. Ya miƙo min.

Ya ce, "Je ka. Ga masu mota can tun ɗazu suke jira, da yara biyar."